Majami'ar Shartar: Littafin Da Aka Rubuta Da Dutse Da Gilashi

Wata rana ina koya wa 'yan aji shida misalin Basamariye mai kirki, sai na ɗauko wani tsohon kalanda mai hotunan wata majami'a ta ƙasar Faransa, na rataya a jikin allo. Yara suka yi tsit suna kallon tagogin, gama launinsu ya kama ido ƙwarai. Da na buɗa shafi na gaba, inda aka nuna siffofin annabawa da aka sassaƙa da dutse a bakin ƙofa, sai wani yaro, ɗan wani dattijon ikkilisiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ba waɗannan ne gumakan da Allah ya hana ba? Ƙaƙa suka shiga ɗakin sujada?"

Tambayar yaron nan ba ta wasa ba ce. Da yawa a cikinmu kakanninmu sun ƙone gumaka da layu kafin a yi musu baftisma. Waɗansunmu kuma muna zaune da maƙwabta waɗanda a ganinsu kowace siffa a wurin ibada shirka ce. Duk da haka da wuya ka shiga gidan mai bi ka rasa kalanda mai hoton Makiyayi da tunkiya a kafaɗa, makarantar Lahadi kuwa ba ta tafiya sai da hotuna. To, ina iyakar take? Kafin in faɗi amsar da na ba shi, bari mu fara duban ginin da kansa, da mutanen da suka gina shi.

Gobarar 1194

Sunan garin Faransawa su kan rubuta shi Chartres, amma a baki sai ka ji kamar Shartar. Yana kudu maso yammacin Paris, tafiyar kimanin kilomita 90, a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen fili da ake noman alkama. Majami'ar tana kan tudu, saboda haka matafiyi ya kan hango hasumiyoyinta biyu sun tsaga sama tun bai ga ko rufin gida ɗaya na garin ba. Ita ce majami'ar da kujerar bishop na yankin take, irin wadda ake kira katidiral. Ta 'yan Katolika ce, an kuwa sa mata sunan Maryamu uwar Yesu.

Wuta ta sha cin ginin da ke wurin. Bayan gobarar 1020 wani bishop masani mai suna Fulbert ya gina babbar majami'a, wadda ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa yana nan har yau. A daren 10 ga Yuni, 1194, wuta ta sake tashi, ta cinye majami'ar Fulbert da babban sashi na garin. Abin da ya tsira shi ne fuskar yamma da ƙofofinta uku, da hasumiyoyin, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Amma abin da ya fi karya zuciyar mutanen garin ba ginin ba ne. A cikin majami'ar akwai wani ƙyalle da Sarki Charles Mai Sanƙo ya bayar a shekara ta 876, wanda suka gaskata tufar Maryamu ce. Saboda ƙyallen nan ne masu ziyarar ibada ke tahowa daga nesa, saboda su ne kuma manyan kasuwannin garin ke ci a lokatan idi. In ƙyallen ya ƙone, to, kariyar gari ta tafi a ganinsu, abincinsu ma ya tafi. Ashe waɗansu firistoci sun gudu da shi cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa sun rufe ƙofa. Bayan 'yan kwanaki suka fito da ransu, da akwatin a hannu. Wakilin Paparoma, Kardinal Melior, yana garin a lokacin, shi ne ya ƙarfafa jama'a su tashi su sake gini. Bishop da manyan firistocinsa suka yi alkawarin ba da yawancin kuɗin shigarsu na shekara uku.

Littafi Mai Tsarki bai ce mana kome a kan wata tufar Maryamu da aka adana ba, ni kuwa ba zan ɗora bangaskiyata a kan ƙyalle ba. Na kawo labarin ne domin mai karatu ya ga cewa tun daga tushe an cuɗa abu biyu a Shartar, watau koyarwar Littafi Mai Tsarki da al'adun da suka tsiro a gefenta. Za mu sake karo da su a gaba.

Aiki ya yi sauri ƙwarai. Wajen shekara ta 1220 an riga an rufe saman ginin, aka keɓe shi a 1260. Waɗansu manyan majami'un Turai sun ci shekaru ɗaruruwa ana gini, kowane zamani da irin fasalinsa. Ita Shartar kusan tsara ɗaya ce ta gina ta, shi ya sa sassanta suka dace da juna. Babban gwanin da ya tsara ta kuwa tarihi bai riƙe sunansa ba.

Yadda dutse ya tsaya a sama

Tsawon ginin mita 130 ne. Daga daɓe zuwa ƙololuwar rufi a ciki mita 37, watau kamar bene mai hawa 12, faɗin babban zauren kuwa mita 16. Rufin nan na ciki dutse ne zalla. An haƙo dutsen a Berchères, 'yan kilomita daga garin, aka jawo shi a keken shanu, aka ɗaga shi da igiya da wata babbar ƙafar katako wadda mutane ke takawa a ciki tana juyawa.

Duk wanda ya taɓa gini ya san wahalar da ke nan. Rufi mai nauyi ba ƙasa kaɗai ya ke dannawa ba, ya kan tura bango waje. Maginan dā maganinsu shi ne su yi bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, sai ciki ya yi duhu kamar rumbu. Maginan Faransa na wancan zamani suka sake dabara. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin soron gargajiya mai bakan gizo, ko tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa, ya riga ya gane rabin zancen: bakuna ne ke ɗaukar nauyin rufi, su kai shi kan ginshiƙai. Haka aka yi a Shartar, sai dai bakunan na dutse ne, masu tsini a sama, suna gilma juna. Nauyin duka ya taru a wurare kaɗan. A daidai wuraren nan, ta waje, aka kafa manyan ginshiƙai nesa kaɗan da bango, aka miƙo musu hannuwan dutse suka tokare ginin, kamar yadda a ke tokare katangar da ta fara kwantawa. Da nauyi ya bar bango, bango ya huta. Sai aka huda shi aka cika da gilashi.

Hasumiyoyin biyu ba su yi kama da juna ba. Ta kudu, mai mita 105, tun wajen 1160 take, ba ta da ado mai yawa. Ta arewa ta fi mita 110. Tsawa ta ƙone kanta na katako a 1506, wani magini mai suna Jean na Beauce ya sake shi da dutse mai yawan ado, ya gama a 1513. Baƙi su kan yi gardama a kan wadda ta fi kyau. Ni dai tsohuwar ta fi kwanta mini.

Wa'azi a bakin ƙofa

Majami'ar tana da mashigai uku, yamma da arewa da kudu, kowanne da ƙofofi uku, an kuwa cika su da sassaƙa. Mashigin yamma shi ne mafi tsufa, na wajen 1145 zuwa 1155. A bisa ƙofar tsakiya Almasihu ne a zaune kan kursiyi, kewaye da talikan nan huɗu na Wahayin Yahaya sura 4, mai fuskar mutum da zaki da bijimi da gaggafa, waɗanda ikkilisiyar dā ta ɗauka alamun marubutan Bishara huɗu ne.

A bisa ƙofar dama akwai abin da ya kan ba ni dariya, ni da ke cin abinci da alli. Da ya ke Shartar tana da shahararriyar makaranta, an sassaƙa fannonin ilimi bakwai da siffar mata, kowace da wani masanin dā a ƙarƙashinta. Nahawu tana zaune da littafi a hannu ɗaya, bulala a ɗayan, yara biyu a ƙafafunta, ɗaya yana jan gashin ɗan'uwansa. Shekara kusan 900 ke nan, aji bai sake ba.

Wurin da ya fi tsayar da ni shi ne ƙofar tsakiya ta arewa. Mutum goma ne a tsaye, biyar kowane gefe. Na fari Malkisadik da ƙoƙo a hannu. Sai Ibrahim, wuƙa a hannunsa, Ishaku a ɗaure a gabansa, ya juya fuska sama wajen muryar da ta tsai da shi, rago kuma yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Sai Musa, da Sama'ila da ɗan rago na hadaya, da Dawuda. A ɗaya gefen Ishaya, Irmiya, tsoho Saminu rungume da jariri, Yahaya Maibaftisma a rame ƙwarai yana riƙe da alamar Ɗan Ragon Allah, sa'an nan Bitrus da mabuɗai. Dubi jerin da kyau. Ba a tara su don su manya ne kawai ba. Kowannensu yana ɗauke da wani abu da ke nuna hadayar Almasihu, daga ƙoƙon Malkisadik har zuwa Ɗan Ragon Yahaya. Manomi da bai san baƙi ba, in aka bi da shi jerin nan sau ɗaya aka bayyana masa, ya sami zaren da ya ɗinke Tsohon Alkawari da Sabo. Na san ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki da suka yi shekara ba su kama zaren nan ba.

Tagogin

Tagogi 176 aka yi wa ginin, fiye da 150 kuwa har yanzu gilashinsu na ainihi ne, yawanci na tsakanin 1205 da 1240. Ba wata majami'a ta wancan zamani da ta riƙe nata da yawa haka. In aka shimfiɗa gilashin duka zai kai murabba'in mita 2,600.

Ba fenti aka shafa wa farin gilashi ba. Launin yana cikin jikinsa. A kan narka yashi da tokar itace, a zuba ɗan ma'adini: wanda a ke kira kobal ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da ja. A yanka gilashin gutsu-gutsu da ƙarfe mai zafi, a zana fuskoki da ninkin tufafi da wani baƙin fenti, a sake gasawa don ya kama, sa'an nan a haɗa gutsattsarin da zirin darma. Shuɗin tsofaffin tagogin Shartar ya yi suna har ana kiransa da sunan garin. Uku daga cikinsu suna bisa ƙofar yamma, sun tsira daga gobarar 1194. Ɗaya tana nuna Yesse a kwance, itace ya tsiro daga jikinsa, sarakuna a kan rassa, Almasihu a ƙoli, bisa ga Ishaya sura 11. Ta biyu haihuwar Yesu da ƙuruciyarsa, ta uku shan wuyarsa da tashinsa.

Ga tagar da na nuna wa ɗalibaina. A kan karanta irin tagogin nan daga ƙasa zuwa sama. Rabin ƙasa misalin Luka 10 ne: matafiyi ya fita Urushalima, 'yan fashi suka tuɓe shi suka yi masa dūka, firist da Balawe suka wuce, Basamariye ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa ya kai shi masauki. Kana tsammani labari ya ƙare, sai ka ga rabin sama ya koma Farawa: an halicci Adamu da Hawwa'u, sun ci 'ya'yan itacen, an kore su, Adamu yana noma Hawwa'u tana kaɗi, Kayinu ya kashe Habila. Can a ƙoli Almasihu. Me ya haɗa su? Malaman ikkilisiya na dā, har da Agustin, bishop ɗan Afirka ta Arewa, sun koyar cewa matafiyin nan Adamu ne, watau ni da kai. Mun bar birnin salama, Shaiɗan ya yi mana fashi, Shari'a ta gan mu ta wuce gama ba ta iya warkarwa, Almasihu ne baƙon da ya tsaya, masaukin kuwa ikkilisiya.

Fassarar nan tana da daɗi, tana kuma da gaskiyar Bishara a cikinta. Amma in faɗi nawa, kada ta haɗiye abin da Ubangiji ya nufa da misalin. Amsa ya ke ba wani masanin Attaura da ke neman a rage masa yawan maƙwabta, ya kuwa sallame shi da umarni ya je ya yi jinƙai. Mai taga ya zaɓi fassara ɗaya ya kafe ta da darma. Hoto ma mai wa'azi ne, yana da ra'ayi, sai a gwada shi da Nassi kamar kowane mai wa'azi.

A ƙarshen kudu, ƙarƙashin wata babbar taga mai da'ira, akwai dogayen tagogi biyar. Maryamu da jariri a tsakiya. A sauran huɗun manyan annabawa ne a tsaye, kowanne ya ɗauki wani mutum a wuya, kamar yadda uba ke ɗaukar yaro a cikin taro don ya hango abin da ke wucewa. Matiyu yana kan Ishaya, Luka kan Irmiya, Yahaya kan Ezekiyel, Markus kan Daniyel. Marubutan Bishara sun hango nesa fiye da annabawa, amma annabawa ne suka ɗaga su. Na sha kwatanta wannan a aji ga waɗanda ke cewa Kirista ba shi da bukatar Tsohon Alkawari, ban taɓa samun kwatancin da ya fi shi shiga ba.

'Yan ga-ruwa a cikin taga

A gindin tagar Basamariye ba annabi ba manzo. Masu ɗinkin takalma ne, suna yankan fata, suna kuma miƙa tagar kyauta. Haka a gindin tagogi wajen arba'in. Tagar Nuhu, kafintoci da masu yin ƙafar keke da ganga. Tagar Yusufu, 'yan canji da ma'auninsu. Tagar Maryamu Magadaliya, 'yan ga-ruwa suna tsiyaya ruwa. Akwai mahauta, da masu gashin burodi, da maƙera suna sa wa doki takalmi, da masaƙa, da magina. Suna cikin gini ɗaya da manyan tagogin da gidan sarauta ya bayar, irin ta arewa wadda Sarauniya Blanche, uwar Sarki Luwis na 9, ta biya. Abin sha'awa ne mai sana'a ya shiga ɗakin Allah ya ga aikin hannunsa a jikin taga, ba a ɗauke shi abin kunya ba.

Akwai kuma labarin aikin gayya. Wasiƙun da aka rubuta a 1145, lokacin da a ke ginin hasumiyoyin, sun ce manya da talakawa sun ɗaura wa kansu igiya suna jan kekunan dutse da hatsi kamar shanu. Al'adar ta fara a Shartar ta bazu zuwa Normandi. An ce wanda ya ƙi yafe wa abokin gabarsa, a kan sauke kayansa daga keke a fitar da shi daga cikin masu ja.

Sai dai kada mu mai da su mala'iku. Wasiƙun nan shugabannin ikkilisiya ne suka rubuta su, ginin kuwa ƙwararru ne suka yi shi don lada, kuɗin ya fito ne yawanci daga gonaki da harajin ikkilisiya, watau daga gumin manoma. A 1210, ana tsakiyar aiki, mutanen gari suka tayar, suka fasa gidan shugaban firistocin majami'ar suka washe shi, har sai da Sarki Filibus ya sa baki ya ci tara. Tun kafin wannan, wajen 1125, wani mashahurin mai wa'azi, Bernard na Clairvaux, ya yi kuka cewa ana lulluɓe duwatsun majami'u da zinariya alhali matalautan ikkilisiya suna tsirara. Duk kwamitin gini da ke shirin kiran baiko na biyar a shekara ɗaya, ya kamata ya san da maganar nan.

Yadda ta kai yau

Sau da yawa ginin nan ya tsallake rijiya da baya. A lokacin juyin mulkin Faransa, a 1793, an ƙone wata tsohuwar siffar Maryamu ta itace, aka yayyanka ƙyallen nan, amma ginin ya tsaya. A 1836 sakacin ma'aikata ya sa wuta ta cinye katakon rufin waje, rufin dutse na ciki ya tare ta. Aka sake shi da ƙarfe da jan ƙarfe, wanda ya rikiɗe ya zama kore. A 1939, da yaƙi ya ƙarato, aka kwance tagogin ɗaya ɗaya aka ɓoye. A ranar 16 ga Agusta, 1944, sojan Amurka suka sami umarni su harbi majami'ar da igwa, don ana zato Jamusawa na leƙen asiri daga hasumiyoyin. Wani hafsa, Kanar Welborn Griffith, bai yarda ba. Ya shiga da direbansa, ya hau ya duba, bai tarar da kowa ba, aka janye umarnin. A ranar nan aka kashe shi a wani ƙauye kusa da garin, yana da shekara 42. A 1979 hukumar UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan tarihin duniya. Daga wajen 2009 aka shiga wanke baƙin hayaƙin da ya rufe cikinta, aka mayar da launin ƙasa-ƙasa mai haske da aka gano shi ne na fari. Waɗansu sun yi murna, waɗansu sun ce an kashe mata kwarjini.

To, gumaka ne?

Ba yaron ajina ne ya fara tambayar nan ba. Wajen shekara ta 600 wani bishop na Marsai, a Faransar nan, ya ga mutane suna yi wa hotuna sujada, ya farfashe su. Giregori, bishop na Roma, ya rubuta masa. Ya yaba masa da ya hana sujadar, ya tsauta masa da ya fasa, yana cewa abin da rubutu ke yi wa mai karatu, shi hoto ke yi wa wanda bai iya ba. A kan wannan tunani aka gina Shartar. Mu tuna, lokacin ba injin buga littafi, sai wajen 1455 aka buga Littafi Mai Tsarki na fari. Da hannu a ke kwafarsa a kan fata, da Latin, sujada ma da Latin a ke yi, harshen da talaka ba ya ji.

Kalvin, wanda shi ma Bafaranshe ne, haifaffen 1509, bai karɓi wannan ba. Ya ce in jama'a jahilai ne, laifin makiyayan da suka bar wa'azi ne, suka miƙa aikinsu ga itace da dutse. Yana da hujja. Yawancin tagogin sama na Shartar sun yi nisa da ido, ba mai iya karanta su daga ƙasa. Waɗansu labarun tsarkaka ne da ba su cikin Littafi Mai Tsarki, akwai ma taga guda ta yaƙe-yaƙen Sarki Shalaman. Tagar Basamariye kanta, ba wanda zai gane abin da ya kai Adamu cikinta in ba a faɗa masa ba. Har wa yau a cikin majami'ar akwai siffar Maryamu a kan wani ginshiƙi inda mutane ke kunna kyandir suna durƙusawa. 'Yan'uwanmu Katolika za su ce girmamawa ce ba sujada ba, koyarwarsu kuma ta bambanta abu biyun. Na ji wannan, amma ban tabbata zuciyar kowane mai durƙuso tana riƙe da bambancin ba. A gefe guda kuma, mu ma muna da abin kunya. A yaƙe-yaƙen addini na Faransa 'yan Furotesta sun farfasa majami'u da yawa, a 1568 sun rushe babban sashi na katidiral ta Orléans, a shekarar kuma sun kewaye Shartar da yaƙi ba su ci ta ba. Da sun ci, da wataƙila ba abin da zan rataya a allo.

Amsar da na ba yaron daga jerin ƙofar arewa na ɗauko ta. Siffar Musa a wurin tana riƙe da allunan Shari'a, da kuma ginshiƙi mai macijin tagulla, ɗan maraƙin zinariya kuwa yana ƙarƙashin ƙafafunsa an tattake shi. Siffa biyu ke nan na ƙarfe, dukansu aikin hannu. Ɗaya mutane suka yi don su yi mata sujada, aka niƙe ta. Ɗaya Allah ne ya umarta a yi, a Littafin Ƙidaya 21, Yesu kuma ya ce tana nuna ɗaga shi a kan gicciye, a Yahaya 3. Allahn da ya ba da doka ta biyu shi ne kuma ya cika Bezalel da Ruhunsa don aikin gwaninta, ya sa a ƙera kerubobi a bisa akwatin alkawari. Ashe abin da dokar ta hana shi ne yin siffa don a rusuna mata a bauta mata. Amma na sa yaran su buɗe 2 Sarakuna 18. Macijin nan da Allah ya umarta, da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Nassi kuma ya yaba wa Hezekiya.

Saboda haka na ce masa annabawan ƙofar Shartar ba gumaka ba ne muddin suna yin aikin da aka sa su, watau nuna wa mai wucewa Almasihu, da wani a gefe yana buɗe Littafin yana bayyanawa. Ran da aka fara roƙonsu, sun zama abin da ya ce. Na kuma tuna musu cewa mu muna da abin da mai ɗinkin takalman Shartar bai taɓa riƙewa ba, gama tun 1932 Littafi Mai Tsarki duka yana cikin Hausa.

Da aka tashi ran Juma'a yaron ya roƙi aron kalandar ya kai gida. Ran Litinin ya komo da ita. Ya ce kakarsa, wadda ba ta karatu, ta sa ya bi mata tagar Basamariye da yatsa daga ƙasa har sama sau biyu. Babansa kuwa ya duba shafin siffofin dutsen ya daɗe, sa'an nan ya ce a nuna wa yara a makaranta ba laifi, amma ba za a rataya shi a ɗakinsa ba.